Yadda na'urori suke raba hanyar iska

1. Hoto ya tafi ba kiredi

Ranar kasuwa wani yaro ya ɗauki hoton raƙumi da wayarsa ta salula. Da ya komo gida, ƙanwarsa ta ce tana son hoton. Wayarta ba ta da kiredi, kuma rezo ba ya kamawa sosai a garinsu. Sai suka matso da wayoyinsu kusa da juna, suka buɗe Bluetooth. Ba a jima ba hoto ya shiga wayar yarinya. Ba su biya ko dala ba. Hoton bai bi ta eriyar kamfanin waya ba. Daga wannan waya ya tashi, ya sauka a waccan.

A wannan lokaci ba su kaɗai ke aiki da iska ba. Maƙwabcinsu yana sauraren labarai da abin sawa a kunne marar igiya. A kantin bakin hanya akwai akwatin Wi-Fi, samari suna zaune kewaye da shi da wayoyinsu. Duk waɗannan na'urori suna magana a wuri guda. Babu shugaban da ke ce ma wannan ta yi magana, waccan ta yi shiru. To, me ya hana maganarsu ta cakuɗe?

2. Igiyoyin radiyo

In aka jefa dutse cikin tabki, ruwa yakan yi igiyoyi, su bazu ko'ina. Haka eriya take yi in wutar lantarki ta kaɗa cikinta. Tana fitar da igiyoyin da ido ba ya gani. Su ne igiyoyin radiyo. Suna gudun kilomita 300 000 cikin sakan guda. Mutane sun saba cewa saƙo ya bi iska, amma igiyoyin suna tafiya har inda babu iska.

Wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ya nuna su a fili a shekarun 1887 da 1888. Don haka aka sa ma ma'aunin kaɗawarsu sunansa. Kaɗawa ɗaya cikin sakan ita ce herts 1. Kaɗawa miliyan ɗaya ita ce megaherts 1. Tashoshin FM suna aiki tsakanin megaherts 88 da 108. Wannan tsakani shi ake kira zango. Kowane zango an yanka shi hanya hanya.

In tasha biyu na kusa da juna suka hau hanya guda, mai saurare ba ya jin kome sai hayaniya. Shi ya sa ƙasashen duniya suke raba zanguna. Suna yin haka a Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda aka kafa a Paris a 1865, cibiyarta kuma tana Janeba. Daga nan kowace gwamnati takan ba gidajen radiyo da kamfanonin waya lasisi. Mai lasisi kamar mai gona ne. An shata masa iyaka, wani ba ya shiga. A cikin zangon kamfanin waya, eriyar kamfani ce take raba ma wayoyi lokacin magana, kamar yadda sarki yake ba mutane izinin magana a fada.

3. Zangon kowa

Ba duka daji ne gona ba. Akwai makiyaya, inda kowa yake kai dabbobinsa. A cikin zanguna ma akwai irin wannan wuri.

A 1947, a wani taro da aka yi a Atilantik Siti ta Amurka, an keɓe waɗansu zanguna don injunan masana'antu, na kimiyya da na asibiti. Ɗaya daga cikinsu yana wajen megaherts 2 400. A nan ne murhun lantarki mai ɗuma abinci da igiyoyi yake aiki. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta yarda mutane su aika da saƙo a waɗannan zanguna ba tare da lasisi ba. Sauran ƙasashe suka bi baya. A 1997 aka fitar da ƙa'idar farko ta abin da aka sa ma suna Wi-Fi a 1999. Bluetooth ma ya fito a 1999. A 2010 aka ƙaro Wi-Fi Direct, wanda yake haɗa na'ura biyu kai tsaye ba tare da akwati a tsakani ba.

Shiga zangon kowa kyauta ne, amma da sharaɗi. Na fari, kada na'ura ta ɗaga murya. A Turai, a zangon megaherts 2 400, ƙarfin Wi-Fi ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wat guda. Na biyu, in wata na'ura mai bin doka ta dame ta, ba ta da wurin kai ƙara. Tun da babu sarki a nan, sai kowace na'ura ta zo da ladabinta.

4. Darasin tsibiran Hawayi

Na'ura ba ta aika da hoto gaba ɗaya. Tana yanka shi ƙanana ƙanana, ta aika da su bi da bi. Kowane yanki ana kiransa ƙunshi. In ƙunshi biyu suka tashi lokaci guda a hanya guda, sai su yi karo. Mai karɓa ba ya gane ko ɗaya. Dukansu sun lalace, sai an sake aikawa.

An fara nazarin wannan matsala a Hawayi, waɗansu tsibirai na Amurka a tsakiyar tekun Pasifik. Jami'ar Hawayi tana da rassa a tsibirai dabam dabam, babbar kwamfutarta kuwa tana tsibiri guda. Wani malami, Norman Abramson, da abokan aikinsa suka haɗa su da radiyo. Tsarin ya fara aiki a 1971, sunansa ALOHA. Dokarsa mai sauƙi ce: duk mai saƙo ya aika nan take. In bai samu amsa ba, ya ɗan jira, ya sake.

In masu magana kaɗan ne, dokar tana aiki da kyau. In sun yi yawa, karo ya yi yawa. Lissafi ya nuna cewa cikin kashi 100 na lokacin hanya, kashi 18 kaɗai ke iya ɗaukar saƙo lafiya. Sauran lokaci yana tafiya a karo ko a zaman banza. A 1972 Lawrence Roberts ya kawo gyara. Ya ce a yanka lokaci daidai wa daida, kowa ya fara magana a farkon yanki. Da haka rabo ya kai kashi 37. Duk da haka hasara ta fi riba. Gaskiyar Hausawa, sauri kan haifi nawa.

5. A saurara kafin a yi magana

A 1975 Leonard Kleinrock da Fouad Tobagi, a Jami'ar Kaliforniya, suka yi nazarin wata doka: na'ura ta saurari hanya kafin ta aika. Wi-Fi a kan wannan doka yake tafiya.

Abin ya yi kama da hirar dare a ƙofar gida, ranar da babu farin wata. Ba a ganin mai ɗaga hannu. Mai hankali yakan kasa kunne. In wani yana magana, ya bari ya gama. In an yi shiru, ba ya faɗawa nan take, don ya san waɗansu ma suna jira. Yakan ɗan dakata tukuna.

Ga matakan da na'urar Wi-Fi take bi:

Na ɗaya: ta saurara. In hanya tana da mai magana, ta jira.

Na biyu: in hanya ta yi shiru, ta ƙara jira na ɗan lokaci ƙayyadadde.

Na uku: ta jefa ƙuri'a, ta zaɓi lamba tsakanin 0 da 15. Ta yi ta ragewa ɗaya ɗaya muddin hanya tana shiru. In wata ta riga ta fara magana, ta tsai da ƙirga inda ta kai.

Na huɗu: in ta kai 0, ta aika da ƙunshinta.

Na biyar: ta jira mai karɓa ya amsa cewa ya ji.

Me ya sa sai an jefa ƙuri'a? In na'ura biyar suna jira, duk za su ji shiru lokaci guda. In kowace ta faɗa nan take, karo ya tabbata. Ƙuri'a ce take rarraba su.

Me ya sa sai an jira amsa? Makaɗin da ke buga ganga ba ya jin raɗar mutum daga nesa. Haka na'ura take. In tana aikawa, muryarta ta cika mata kunne, ba ta jin ko an yi karo. Rashin amsa ne kaɗai yake sanar da ita.

6. Misali da lissafi

Lokacin da ake magana a kansa ƙanƙane ne ƙwarai. Ana auna shi da mikrosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. A zangon megaherts 5 000, jiran mataki na biyu mikrosakan 34 ne. Kowace ƙirga ɗaya kuma mikrosakan 9 ce.

A ce waya uku suna son magana: fara, baƙa da ja. Fara ta zaɓi 3, baƙa ta zaɓi 7, ja ta zaɓi 12. Hanya ta yi shiru. Duka suka jira mikrosakan 34, suka fara ƙirga. Bayan ƙirga uku fara ta kai 0. Jiranta duka: 34 a tara da 27, ya zama mikrosakan 61. Ta aika. Baƙa ta tsaya a 4, ja ta tsaya a 9.

Mai karɓa yana amsawa bayan mikrosakan 16 kaɗai. Tun da 16 bai kai 34 ba, babu wadda za ta shiga gabansa. An yi haka ne da gangan, don kada a katse amsa.

Yanzu fara tana da wani ƙunshi. Sai ta sake ƙuri'a, ta samu 10. Baƙa tana da sauran 4, don haka ita ke bi. Bayan ƙirga huɗu, ja ta komo 5, fara ta komo 6. Ja ce ta uku. Jiran da ta yi a baya bai tafi banza ba. Ta haka kowace take samun rabonta.

Wani lokaci waya biyu sukan zaɓi lamba guda. In lambobi 16 ne, hakan yakan faru sau ɗaya cikin 16. Sai a yi karo, amsa ba ta zo ba. Kowace sai ta ninka yawan lambobinta: daga 16 zuwa 32. In an sake karo, 64, sannan 128, har zuwa 1 024. Wato in hanya ta cika, kowa yana ƙara haƙuri. In ƙunshi ya isa lafiya, na'ura ta koma 16. In ta gwada sau da dama bai isa ba, ta bar shi.

7. Maƙwabcin ɓoye

Saurare ba ya maganin kome da kome. A ce makiyayi yana bisa tudu. Ɗansa yana gabas da tudu, ƙanensa yana yamma. Kowannensu yana jin makiyayi, amma ba su jin juna. Ɗan ya kasa kunne, ya ji shiru, ya yi kira. Ƙanen ma ya ji shiru, ya yi kira. Makiyayi ya ji murya biyu a cakuɗe. Kowa ya bi doka, amma an yi karo. Tsakanin na'urori, bango ko nisa shi ne tudu.

A 1990 wani injiniya mai suna Phil Karn ya kawo dabara. Mai son aikawa ya fara tura ɗan gajeren saƙo: «Ina neman izini, zan ɗauki lokaci kaza.» Mai karɓa ya amsa: «Bismilla, hanya taka ce har lokaci kaza.» Duk na'urar da ta ji wannan amsa sai ta yi shiru har lokacin ya cika, ko da ba ta jin mai aikawa. Wi-Fi ya ɗauki wannan dabara, yana aiki da ita in akwai bukata.

8. Dabarar Bluetooth

Bluetooth ya samu sunansa daga laƙabin Harald, wani sarkin Danmak na ƙarni na 10. Dabararsa dabam ce. Irin wanda ake aika hoto da shi yana yanka zangon megaherts 2 400 zuwa ƙananan hanyoyi 79. Na'ura biyu da suka haɗu sukan yi ta tsalle tare daga hanya zuwa hanya, har sau 1 600 cikin sakan guda. Su biyu sun san jerin tsallen. Waɗansu biyu na gefensu suna bin wani jeri dabam. In sun haɗu a hanya guda, ƙunshi ɗaya ne ya lalace, sai a sake aika shi a wata hanya. Tun 2003 aka ƙara masa wayo: yana gane hanyoyin da Wi-Fi ya cika, ya riƙa tsallake su.

9. Rabon lokaci tsakanin abokan magana

Da wayoyin salula suka yi yawa, kamfanonin waya suka so su shigo zangon kowa su ƙara wuri. Wajen 2015 aka yi gardama a Amurka. Masu Wi-Fi suka ji tsoro, don tsarin salula ya saba da gonarsa, bai saba saurare ba. In ya shigo haka, Wi-Fi mai ladabi zai yi ta jira. A Turai da Japan kuwa doka ta tilasta saurare kafin magana a zangon megaherts 5 000. A 2016 ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idodin salula, ta fitar da tsarin da ke saurare kafin ya yi magana.

Ƙa'idodin salula suna da wata hanya da waya take magana da waya ba ta eriyar kamfani ba. Ana ce mata hanyar gefe. A 2024 ƙungiyar ta kammala ƙa'idar da ta buɗe ma hanyar gefe zangon kowa.

A wannan tsari, wayar da ta saurara, ta yi ƙirga, ta ci hanya, ba ta riƙe ta har abada. Tana da wa'adi, daga milisakan 2 zuwa 10, gwargwadon irin saƙon. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. In ta gama maganarta wa'adi bai cika ba, tana iya ba abokiyar maganarta ragowar. Takan sanar da ita yawan lokacin da ya rage. Abokiyar ba ta sake doguwar ƙirga. Takan yi ɗan gajeren saurare na mikrosakan 25 ko 16, ta amsa.

Haka ake yi a bakin rijiya. Mace ta bi layi, lokacinta ya zo, ta cika tulunta, ta miƙa ma ƙanwarta guga ta ja kafin na baya ya matso. Amma akwai iyaka. Wadda aka ba ragowa dole saƙonta ya nufi wadda ta ba ta. Kuma in wa'adi ya cika, su biyu duka su saki hanya, kowa ya koma layi.

10. In wata ta ƙi bin doka

A ce wani ya ƙera waya mai zaɓen 0 kullum. Za ta riƙa riga kowa, maƙwabta su yi ta jira. In sauran maƙera suka gani suka yi koyi, duka wayoyi za su faɗa lokaci guda. Karo zai bi karo, ba mai aika kome, har ita mai wayon. Shi ya sa ake gwada na'urori kafin a ba su izinin shiga kasuwa. Ba hoto da waƙa kaɗai ke bin wannan zango ba. Akwai na'urorin asibiti, na makarantu da na masana'antu. In hanya ta toshe, aikinsu ya tsaya.

Yaro da ƙanwarsa ba su san wayoyinsu sun yi tsalle dubbai kafin hoton raƙumi ya isa ba. Samarin bakin kanti ma ba su san wayoyinsu suna jefa ƙuri'a ba. Kowace na'ura ta rage murya, ta kauce ma maƙwabciyarta, ta saki hanya da ta gama. Da haka zango guda ya ishe su duka.

Sababbin kalmomi

Zango: yankin igiyoyin radiyo daga kaɗawa kaza zuwa kaza.
Lasisi: takardar izini daga gwamnati.
Ƙunshi: ɗan yankin saƙo da na'ura take aikawa.
Karo: haɗuwar ƙunshi biyu a hanya guda, lokaci guda.
Wa'adi: iyakar lokacin da na'ura take riƙe hanya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin zango mai lasisi da zangon kowa?
2. Me ya sa dokar ALOHA take ɓata lokaci in masu magana sun yi yawa?
3. Ta yaya na'urar Wi-Fi take sanin an yi karo?
4. Waya ta zaɓi lamba 8. Mikrosakan nawa za ta jira duka, in babu wadda ta riga ta?
5. Sau nawa za a ninka 16 kafin a kai 1 024?
6. Waɗanne sharuɗɗa ne ke kan wayar da aka ba ragowar wa'adi?

Wasa a cikin aji

Ɗalibai biyar su tsaya, su juya ma juna baya. Kowa yana da jimla guda da zai faɗa ma malam. Da fari, in malam ya tafa hannu, kowa ya faɗi tasa nan take. Aji ya faɗi abin da ya ji. Sannan kowa ya jawo takarda mai lamba daga 1 zuwa 16 a cikin hularsa. Malam ya riƙa buga tebur a hankali, kowa yana rage ɗaya daga lambarsa. Wanda ya kai 0 ya yi magana, sauran su tsai da ƙirga. In biyu suka yi magana tare, su sake jawo lamba daga 1 zuwa 32. A rubuta a allo sau nawa aka yi karo a kowane wasa.